Rajistar Kula da Bahon Ruwan Ɗumi: Daga Hunturu Zuwa Azumi

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Yau aka cika bahon ruwan ɗumin da muka saya wa Baba, kuma daga yau zan riƙa rubuta duk abin da aka zuba a cikinsa da abin da gwaji ya nuna, domin a samu inda za a koma a duba idan lissafi ya rikice. Bahon irin wanda ake hura wa iska ne, yana cin lita 800, yana da hita, da injin da ke zagaya da ruwa ta cikin mataci, da bututun da ke feso kumfa daga ƙasa. Mun girke shi a tsakar gida a nan Gesse, cikin Birnin Kebbi, ƙarƙashin rumfar kwano, saboda hasken rana yana cinye kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, cikin 'yan sa'o'i idan ya samu ruwa a buɗe. Likitan da ke duba gwiwoyin Baba ya amince ya riƙa shiga na minti 15 a rana, da sharaɗin ɗumin ya tsaya a digiri 37 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyas.

Aikin da na ɗaukar wa kaina shi ne hana maganin kashe ƙwayoyin cuta hawa da sauka, domin ruwa ne mai ɗumi da zai yi makonni ba a canja shi ba, mutum kuma yana zama a ciki kullum. Ma'aunin da zan bi shi ne na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, wadda ta ce kulorin mai aiki a irin wannan baho kada ya gaza miligiram 3 a kowace lita, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya zauna tsakanin 7.0 da 7.8, zafin ruwa kuma kada ya wuce digiri 40.

Ruwan rijiyar burtsatsenmu ya shiga baho garai-garai, amma da aka zuba garin kulorin sai ya juye ya koma launin shayin da bai ji ganye ba, kuma kafin la'asar gwaji ya nuna babu sauran kulorin ko kaɗan. Dalilin shi ne ƙarfen da ke narke a ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ido ba ya gani sai kulorin ya mayar da shi tsatsa, kuma a wannan aikin ne kulorin ɗin ya ƙare. Na ƙara wani, na bar injin yana tacewa har dare.

Laraba, 11 ga Disamba 2024

Ruwa ya washe bayan an yi ta cire mataci ana wanke jan lakar da ya tara. Har yanzu Baba bai shiga ba, da gangan, domin ina son sanin abin da ruwan ke ci da kansa kafin jikin mutum ya shiga lissafi. Na kai kulorin miligiram 5 a lita jiya da safe, na rufe murfi, yau da safe na same shi tsakanin 3 da 4. Ke nan ko babu kowa a ciki, ɗumin ruwan kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku a yini da kwana.

Garin da ya zo tare da bahon shi ne wanda ake kira daikulo, kuma a jikin robarsa an rubuta cewa kashi 56 cikin ɗari ne kulorin. Lissafinsa ba shi da wuya: miligiram 1 a lita, a cikin lita 800, ya zama giram 0.8 na zallar kulorin, wato kimanin giram 1.4 na garin. Na sayi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, saboda cokali ba ma'auni ba ne, cikarsa a hannuna daban, a hannun wani daban.

Game da gwaji, tsinken takarda da ake tsomawa yana da sauri, amma launinsa tsakanin 3 da 5 kusan ɗaya ne a idona, musamman da yamma idan hazo ya rufe rana. Na fi yarda da ƙwayar gwajin kulorin da ake kira DPD, wadda ake narkarwa a 'yar kwalba, ruwan ya koma ruwan hoda, a gwada da katin launi. Idan launin ya yi duhun da ba a iya bambancewa, ina haɗa rabin ruwan baho da rabin ruwan rijiya wanda babu kulorin a cikinsa, in gwada, in ninka sakamakon sau biyu.

Lahadi, 22 ga Disamba 2024

Baba ya fara shiga tun makon jiya, bayan sallar la'asar, kuma a nan ne lissafin ya fara nuna inda kulorin ke tafiya da gaske. A ranakun da ya yi wanka da sabulu kafin ya shiga, zamansa na minti 15 yana rage kusan miligiram 2. Ranar Alhamis kuwa ya dawo daga ta'aziyya ya shiga kai tsaye, jikinsa da basilin ɗin da ya shafa tun safe saboda sanyi, jikoki biyu kuma suka zauna a baki suka tsoma ƙafafu. Washegari da asuba kwalbar gwaji ta fito fara tas, babu ko alamar ruwan hoda. A jikin bahon, daidai inda ruwa ya tsaya, wani zobe mai maiƙo ya zagaye, ƙura ta manne a kansa ya yi toka-toka, kuma da na goga yatsa sai ya taso da kauri. Matacin ma da na ciro shi ruwa ba ya ratsa shi da kyau, sai dai ya gangara ta kansa.

Wannan matsala ce ta hunturu da takardar da ta zo da bahon ba ta kawo ta ba, domin a ƙasarmu babu mai fita a Disamba bai shafa mai ba, ko basilin ko man kaɗanya. Mai ba ya narkewa a ruwa, yana toshe mataci, kulorin kuma yana ƙarewa wajen fama da shi da gumi, ya bar ƙwayoyin cutar da aka zuba shi dominsu.

Da Baba ya leƙa ya ce, "Kai, yau ruwan nan warin asibiti yake yi, ka rage maganin." Na ce masa, "Baba, ai maganin ne ya yi kaɗan, shi ya sa kuke jin warin." Haka abin yake ko da yake ya saɓa wa abin da hanci ke faɗa: idan kulorin ya haɗu da gumi ko fitsari sai ya koma wani sinadari da ake kira kuloramin, wanda shi ne mai warin nan da ke sa ido yaji, kuma ƙarfinsa wajen kashe cuta kaɗan ne. Ana gane yawansa idan aka ƙara ƙwayar DPD mai lamba 3 a kan gwajin farko, aka cire sakamakon farko daga na biyu. Ranar nan bambancin ya haura 1, alhali ana so ya tsaya ƙasa da 0.5. Na kai kulorin 10, na bar murfi a buɗe da dare domin warin ya fita, kuma ba a shiga ba sai da ya sauko 5.

Mun yi yarjejeniya a gida cewa wanka da sabulu ne farko, shafa mai kuma sai an fito. Yara ba su da rabo a ciki, kuma wannan ya fi komai wuyar tabbatarwa.

Juma'a, 3 ga Janairu 2025

pH ya ƙi zama wuri ɗaya. Duk ranar da aka kunna kumfa, washegari sai in same shi a 8.0 ko sama, ko da ban zuba komai ba. Kumfar tana korar iskar kabon da ke narke a ruwa, ita kuwa iskar nan ita ke ba ruwa ɗan tsaminsa, saboda haka da ta fita sai pH ya hau. Abin damuwar shi ne lambar kulorin da kwalba ke nunawa ba ta canjawa, amma ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai. A pH 7.5 kimanin rabin kulorin ne ke cikin siffarsa mai saurin kisa, a 8.0 kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Mai duba lambar kulorin kaɗai zai iya kwana da kwanciyar hankali alhali rabin ƙarfin ya tafi.

Tushen abin yana ga alkaliniti, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na jure tsami, wanda a ruwanmu ya kai 140. Idan ya yi yawa, kumfa tana tura pH sama da sauri. Ina sauke shi da garin rage pH, giram 10 a lokaci guda, wanda ke rage alkaliniti da kusan 5, sannan in kunna kumfa pH ya dawo daidai, in sake. Burina 80. Garin nan asid ne, don haka robarsa tana wani ɗaki daban da na kulorin, kowanne da cokalinsa, ba a kuma zuba su a lokaci ɗaya, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba.

Litinin, 13 ga Janairu 2025

An ɗauke wuta tun daren Juma'a, ba ta dawo ba sai jiya da yamma. Ruwan ya sauko daga 38 zuwa 30, injin tacewa ya tsaya, kuma wannan ne yanayin da na fi tsoro tun farko. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, ta fi yaɗuwa a ruwan da ɗuminsa ke tsakanin digiri 25 da 45, musamman wanda ba ya motsi. Ba ta hanyar sha ake kamuwa da ita ba, sai ta shaƙar feshin ruwa, wanda shi ne ainihin abin da kumfar baho ke tayarwa daidai hancin mai zama, kuma waɗanda suka haura shekara 50 da masu shan taba da masu ciwon huhu sun fi shiga haɗari. Akwai kuma Pseudomonas, mai haddasa ƙuraje masu ƙaiƙayi a fata, galibi a inda tufa ta manne wa jiki.

A tsawon rashin wutar na riƙa narkar da garin kulorin a bokiti, in zuba, in juya ruwan da tsabtatacciyar sanda safe da yamma, kuma hakan ya riƙe lambar a cikin baho. Sai dai ruwan da ya maƙale a cikin bututu da hita sanda ba ta kai masa. Saboda haka da wuta ta dawo na kai kulorin 10, na bar injin ya zagaya da shi dare guda, na kunna kumfa na ɗan lokaci babu kowa kusa, kafin a yi maganar shiga.

Na duba rubutun da ke jikin na'urar: hita tana jan kusan wat 2,000, injin tacewa kuwa bai kai wat 100 ba. Solar gidan ba za ta ɗauki hita ba, amma injin ba zai dame ta ba. Mai gyaran wuta ya ja layi daga inbata zuwa bahon, da sharaɗin a kashe hita duk lokacin da aka koma kansa. Sanyin ruwa hana Baba jin daɗi kawai yake yi, tsayuwar ruwan ce ke iya kwantar da shi.

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Kwanakin nan ruwan yana ɗan dishi-dishi, bangon bahon yana santsi a ƙarƙashin hannu, alhali kulorin yana 4, pH yana 7.5. Da na auna abin da ya rage a robar daikulo sai na ga an ci kusan giram 200 tun farkon Disamba. Kimanin rabin nauyin wannan gari wani sinadari ne mai suna sayanurik asid, wanda aka haɗa domin ya kare kulorin daga rana a manyan wuraren ninƙaya. Kulorin yana ƙarewa, shi kuwa ba ya tafiya ko'ina, taruwa yake yi. Giram 100 a lita 800 ya kai miligiram 125 a lita, tsinken gwaji ma ya nuna sama da 100. Idan ya taru haka yana riƙe mafi yawan kulorin ya rage masa sauri, kwalbar DPD kuma ba ta bambance wanda aka riƙe da wanda ke sake. Wannan ne ya sa CDC ta ba da shawarar kada a yi amfani da sayanurik, ko kulorin mai ɗauke da shi, a bahon ruwan ɗumi. Babu abin da ke rage shi sai canja ruwa.

Dama lokacin canjin ya yi. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi a Amurka ita ce a raba yawan galan na baho da 3, a sake rabawa da yawan masu shiga a rana. Lita 800 kimanin galan 211 ne nasu, kuma idan na ƙirga mutum biyu, tun da ƙanin Baba ma yakan zo, ya zama kwana 35.

Kafin a zubar, na bar ruwan a buɗe har kulorin ya kai sifili, aka kwashe shi da bokitai aka yayyafa a ƙofar gida don kwantar da ƙura, saura kuma aka ba itatuwan dogon yaro. Da na cire bututun da ke shiga injin na zura ƙaramin buroshi, sai ya fito da wani farin yauƙi mai kauri wanda ya shimfiɗe a cikin lanƙwasar. Ƙwayoyin cuta ne ke gina wannan yauƙin su ɓuya a ƙarƙashinsa, kulorin yana cin samansa kawai, shi kuma yana ta cinye kulorin. An goge, an ɗauraye, an shanya komai a rana kafin a sake cikawa. Wannan karon daga tankin sama aka ja ruwan, bayan ya kwana ƙarfensa ya kwanta, kuma launin bai juye sosai ba.

Alhamis, 30 ga Janairu 2025

Tun da aka sake cikawa na ajiye daikulo na koma ruwan bilic na wanki, wanda babu turare ko sabulu a cikinsa. A jikin kwalbar an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, wato kimanin giram 35 a lita, saboda haka mililita 23 ke ƙara miligiram 1 a bahonmu. Da babban sirinji nake aunawa.

Na auna sauran hanyoyin kafin in tsaya a kan wannan. Garin kulorin da masu fiyawata da masu wanke tanki ke amfani da shi yana da ƙarfi, kashi 65 zuwa 70, amma yana ƙara sinadarin kalsiyam wanda ke daskarewa a jikin hita. Manyan ƙwayoyin taraikulo da ake sawa a roba mai yawo a kan ruwa suna da tsami ƙwarai, su ma kuma suna tara sayanurik. Buromin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta irin kulorin, ya fi jure zafi da hawan pH, shi ya sa masu irin wannan baho da yawa ke son sa, kuma ana so ya zauna tsakanin 4 da 8, amma na nema a kasuwa ban samu ba, kuma ba na son dogaro da abin da sai an aiko daga Kano ko Legas. Bilic kuwa ko a shagon unguwa akwai shi.

Aibinsa biyu ne. Na farko, tun da babu sayanurik da zai riƙe shi, yana ƙarewa da sauri, don haka zubawa sau ɗaya a rana ba ta isa. Na biyu, ƙarfinsa yana raguwa a cikin kwalba idan ta daɗe ko ta sha zafi. Wata kwalba da aka sayo daga teburin da rana ke duka ta ba ni hawan 2 a inda lissafi ya ce 3. Yanzu ƙananan kwalabe nake saye, ina duba ranar da aka yi su, ina ajiye su a ƙasan kanta cikin duhu, kuma duk sabuwar kwalba sai na gwada zubin farko bayan minti 20 in ga ko ya yi daidai da lissafi.

Talata, 18 ga Fabrairu 2025

Tsarin ya zauna. Bayan sallar asuba ina samun kulorin a 3, in zuba mililita 45 ya kai 5. Kafin Baba ya shiga da la'asar yana tsakanin 3 da 4. Da ya fito sai a zuba mililita 80 nan take, a bar murfi a buɗe na minti 20, sannan a rufe. Zubin nan na bayan fitowa shi ya fi kowanne tasiri, domin yana tarar gumin tun kafin ya kwana. Tun farkon watan nan gwajin safe bai sauka ƙasa da 3 ba sai ranar da iska ta taso da ƙura aka tarar murfi bai rufu daidai ba. pH yana tsakanin 7.4 da 7.6 tun da alkaliniti ya sauko 80, kuloramin kuma bai haura 0.5 ba. Kwalbar lita ɗaya tana kai mako guda da ɗan ɗori.

Mataci biyu muke juyawa, ɗaya yana aiki, ɗaya an wanke shi yana bushewa, ana musanya su ranakun Litinin da Alhamis. Na koya wa ƙanena gwajin, na liƙa takardar lissafi a jikin ginshiƙin rumfa, domin tsarin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yakan rushe ranar da tafiya ta kama shi.

Lahadi, 9 ga Maris 2025

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi ma ya shigo. Ko da hita a kashe, ruwan ba ya sauka ƙasa da digiri 33, da rana kuma kwanon rumfa yana ƙara masa. Abin da ruwan ke ci da kansa ya ƙaru: kulorin da na kai 5 da asuba yana komawa ƙasa da 3 kafin magariba. Baba ya mayar da shigarsa bayan tarawihi, kuma ya ce digiri 35 ya ishe shi.

Na sake tsara lokutan: mililita 60 bayan sahur, 45 da la'asar, gwaji kafin ya shiga, sannan 80 bayan ya fito. Ranar Juma'a aka sake canja ruwa, bututun kuma bai tara yauƙi irin na Janairu ba. Kwalaben bilic sun koma ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Baba ya ce idan zafin Afrilu ya yi tsanani zai daina shiga sai damina ta faɗi. Idan haka ta kasance ba zan bar ruwa a ciki ba, domin ciyar da kulorin sau uku a rana ga bahon da babu mai shiga asara ce, barinsa babu kulorin kuma haɗari ne. Za a zubar, a busar da bututu da hita, a naɗe bahon a ajiye. Kafin nan zan rataya tabarmar kaba a gefen yamma na rumfar, in sake auna cin ruwan na yini da kwana ranar Laraba, in ga ko zubin la'asar zai iya raguwa.